Gashin Bakin da Na Yi wa Baban Bukar

Ba zan taɓa mantawa da ɓarnar da na tafka wa Bukar ba, Allah Ya yafe mini.

Sana'ata rubuta allon shaguna. Bukar kuwa yana cikin wasu samarin Haɗeja masu zane, masu doguwar suma da riguna duk fenti, waɗanda ke haɗuwa a bakin kogi da sassafe. Sun ce koyi suke da wasu Faransawan zamanin da, masu barin ɗaki su fita zana hasken rana. Nakan zauna da su, ana shayi ana musu, ina gyaɗa kai kamar na gane.

Da za su baje zanensu a wani zaure, Bukar ya kawo nasa shagona ya ƙarasa bushewa. Marigayi babansa ne, masunci, cikin kwalekwale. Don innarsa ya zana, domin ba su da hotonsa ko ɗaya.

Na kai hancina kusa. Ɗigo-ɗigo kawai, shuɗi da ruwan goro, mutum ba ido ba baki! Na ce wayyo, lokaci ya ƙure wa abokina. Na ɗauko baƙin fenti na zagaye kwalekwalen, na yi wa mutumin idanu, na ƙara masa gashin baki (ban taɓa ganin marigayin ba, ku lura). Na naɗe a zani, na kai da kaina, ina jiran godiya.

Daga ƙofar zauren na hango zanen sauran a bango. Ashe daga nesa ake kallo! Ruwa na motsi, shinkafa na kaɗawa a fadama, har sanyin safiya na ji a jikina.

Kafin in juya da zanen, Bukar ya karɓe shi, ya riƙo hannun Inna, ya yaye zanin.

Inna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Bukar, wannan ɗan sandan fa? Me yake yi a jirgin babanka?"

Bukar ya juyo ya dube ni. Na ce, "Taimako na yi."

Ya ce, "Da buroshi ko da gatari?"

Sai Inna ta nuna ƙasan zanen, inda hannuna bai kai ba, inuwar mutumin a cikin ruwa. Ta ce, "Ga Malam nan. Haka yake sunkuyawa in zai ja tarun kamun kifi." Ta share ido da bakin mayafi.

Bukar ya yafe mini, bayan na sha zagi iya cikina. Yanzu in na ga abin da ban gane ba, hannuwana biyu nake cusawa a aljihu.