Kabarin Kaka a Fadama

Wani ne, ma'aikaci a wani kamfanin yin maɓallan riga a birni. Irin mutanen nan ne da idan ka taka musu ƙafa a jirgin ƙasa, su za su ba ka haƙuri. Ya yi furfura a tebur ɗaya. Bai taɓa tashi daga ofis kafin shugabansa ya tashi ba. Hutu kuwa yana da shi a rubuce kamar kowa, kuma kamar kowa bai taɓa kusantarsa ba.

Laifinsa ɗaya a duniya. Wata safiya, shekarun baya, barci ya sace shi ya makara. Da ya shigo, shugaban sashensu, Kuwabara, ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. Gogan naka ya nemi abin faɗa ya rasa, sai bakinsa ya ce kakarsa ce ta rasu.

Kakar kuwa tana can ƙauye da ranta. Ta haura tamanin, da kanta take faskare, kuma duk bazara ita da ƙawayenta tsofaffi sai sun ɗaura takalma sun shiga duwatsu. Ba wanda ya gaya mata ta mutu.

To ka san mutanenmu da mamaci, ba a binne shi a huta. Akwai addu'ar cikar shekara, akwai ta uku, akwai ta bakwai, kuma ofis ba ya mantuwa. Biyun farko mutumin ya karɓi hutu ya yi su a gida, ya ja labule ya kwanta a ƙasa kamar ɓarawo. Amma daga baya shi da matarsa suka koma gidajen kamfani, inda matar Kuwabara take hango ƙofar kowa daga wurin shanyarta.

Da ta bakwai ta zagayo, Kuwabara da kansa ya kira shi ya tuna masa. Ya jawo akwatin turare na tsinke, mai tsada, naɗe cikin ƙyalle shuɗi, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce a kunna a kan kabarin tsohuwa da sunan sashe. Ya ce shi ma ba ya nan a makon, zai kwanta asibiti a yi masa aiki a gwiwa. Ya tashi ya raka shi ƙofa yana ɗingishi, har da ɗan nishi.

Mutumin ya fito rungume da akwati. Abin da yake tsoro ba kora ba ce, ai ba a kora. Teburin bakin taga yake tsoro, inda ake ajiye wanda aka gama da shi. Ba a ba ka aiki, ba a yi maka magana, ka yi ta kallon tattabaru har ranar ritaya. Wanda ya yi wa Kuwabara ƙarya kuwa can yake ƙarewa.

Ya je gida ya ce wa matarsa Fumie zai sake jan labule. Ta ce a gidan wa.

"Ka kashe tsohuwa da bakinka, sannan ka zo ka kwanta min a falo? Ɗauki jaka ka tafi inda ba wanda ya san ka. Ka tafi da akwatin nan ma, matar shugabanku tana shigowa aron gishiri."

Sai ya tuna wani hoto da ke manne a bangon ɗakin kakarsa: fadama shimfiɗe har gindin dutse, kogi yana ratsa ta, fararen furanni, ga hanyar katako tana bin bakin ruwa. Tafiyar kwanaki ce, ana kwana a masaukai a hanya, waya ma ba ta kamawa. Ya ce nan ne wurin ɓuya. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya kai hoton ɗakin tsohuwa ba.

Ya je kanti ya ce a ba shi kayan tafiya. Mai kanti ya dube shi sau ɗaya ya gane abinci ya zo, ya sayar masa da duk abin da ya yi ƙura a shago. Jaka ta fi shi tsawo. Ya ɗora akwatin turare a can sama, ya rataya 'yar ƙararrawar korar namun daji, ya kama hanya yana kaɗawa kamar saniya.

Hanyar katako biyu ce jere, ɗaya na masu zuwa, ɗaya na masu dawowa. Doka ɗaya ce babba: ba a sauka daga katako. Ka taka ciyawar fadamar nan, gara ka taka limami. Ba wurin ratsewa, ba bishiyar laɓewa, daga nan har inda ido ya tsaya. Ga mutane maƙil. Duk cunkoson birni ne ya koro su, suka zo suka jera layi a daji kowa yana kallon ƙeyar na gabansa.

Kuma duk wanda ka haɗu da shi sai ka gaishe shi. Mutane sukan ɗan kaɗa kai su wuce. Shi kuwa gaisuwar ofis kawai ya iya. Sai ya tsaya cak, ya haɗa ƙafa, ya rusuna har ƙugu, jaka ta zame ta doke shi a ƙeya. Ya miƙe, ga wani. Ya rusuna, ta doke shi. Kafin rana ta yi tsaka ya gaida 'yan makaranta aji guda ɗaya bayan ɗaya, ya ba wani zalɓe haƙuri don ya tashe shi daga kamun kifi.

Da ya gaji ya samu wani dattijo a kan benci yana cin dunƙulen shinkafa, ya rusuna ya ce, "Baba, don Allah, a ina ake fara hutun?"

Dattijo ya ce tun safe yake cikinsa. Mutumin ya duba agogo, ya yi godiya, ya ce ashe shi ya sa ake gudunsa.

Haka ya kwana ya tashi, ya sake kwana. Kogi na hagunsa yana tafiya a hankali, furanni sun buɗe, tsuntsaye suna ta abinsu. Bai ga ko ɗaya ba, katako kawai ya sani. Amma hankalinsa ya fara kwanciya, don bai ga fuskar da ya sani ba.

Da yamma ya isa wani masauki a gwiwar kogi. Mai masauki ta ce a yi wanka kafin a sa abinci, kuma ban da sabulu, ruwan fadama yake komawa. Ya tuɓe ya shiga kwarmin wanka na maza. Ruwa da zafi, tururi ya cika ɗaki, ba ka ganin tafin hannunka. Ya nutse har wuya ya ce wash.

Sai ya ji gyaran murya daga ɗaya kusurwar.

Gyaran muryar nan ya san ta fiye da muryar uwarsa. Ita ce take sa a ɓoye jarida a ofis. Tururi ya ɗan yaye, sai ga Kuwabara zaune tsirara, ba tabarau, ya miƙe ƙafafu, gwiwoyi biyu sumul ko ƙwarzane babu.

Da mai wayo ne ya ga gwiwar nan, da ya san ya tsira. Shi kuwa tawul ya jawo ya rufe kansa har haɓa.

Kuwabara ba ya gani in ba tabarau, ga shi da son hira. Ya tambayi baƙo daga ina. Mutumin ya matse hanci ya ce daga kudu. Ya tambaye shi sana'a. Ya ce kamun kifi. Kuwabara ya ce ya yi dace, shi mutane yake kiwo, kuma gara kifi. Ya shiga zayyana ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, wannan rago, wancan munafuki. Duk wanda ya ambata sai baƙo ya ce "haka ne, yallaɓai," ya rusuna har ruwa ya shige masa hanci. Kuwabara ya ce bai taɓa ganin masunci mai ladabi irin wannan ba.

"Mutum ɗaya ne a cikinsu ba zai taɓa yi min ƙarya ba," in ji shi. "Ba don kirki ba, kan ne babu. Yanzu haka yana can durƙushe a kabarin kakarsa. Amma ko shi, ranar da na kama shi, bakin taga."

Baƙo ya ce haka ne, yallaɓai.

Kuwabara bai fita ba sai da ya gama da sashen kaf ya shiga na maƙwabta. Ƙarami kuwa ba ya fita wanka kafin babba. Da aka zo tsamo mutumin ya yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. Ya ce ba ya cin abinci, ya shige bargo da tawul ɗinsa.

Gari na wayewa ya cusa safa a cikin ƙararrawa ya sulale. Dabararsa ya yi nisa kafin shugaba ya gama karin kumallo. Ya yi ta sauri, jaka tana rawa. Can ya waiga, sai ya hango Kuwabara tafe, yana cin katako kamar saurayi, har da fito.

Nan ne jikinsa ya ci amanarsa. Shekara da shekaru ƙafar nan ba ta taɓa shiga gaban shugaba ba, ko a matakala, ko a ƙofar lif mai hawa bene. Kai yana cewa gudu, ƙafa tana cewa rashin kunya. Sai ta fara rage sauri da kanta. Ya roƙe ta, ta ƙi. Da takun ya iso bayansa ta tsaya cak, ta juya shi, ƙugu ya karye da kansa.

Wannan karon jaka ba ta tsaya a ƙeya ba. Ta wuce ta kansa ta ja shi, ya zube a kan gwiwoyi a bakin katako, hancinsa saura kaɗan ya taɓa laka. Akwati ya fito ya yi tsalle ya sauka a gaban takalmin Kuwabara, da ƙyallensa shuɗi.

Kuwabara ya dubi akwati. Ya gyara tabarau ya dubi mutum.

"Kai ne?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Ina kabarin?"

Mutumin ya duba gabas ruwa, yamma ruwa. Ya ga tattabarun bakin taga suna masa fifita a ido. Sai ya miƙa yatsa ya nuna wani ɗan kududdufi da kwaɗo a kai.

"Ga shi nan."

Ya ce tsohuwa ta zo kallon furanni ne ta zame, fadama ta haɗiye ta, ko takalmi ba a samu ba. Shi ya sa dangi ba sa son maganar. Sannan ladabi ya sa ya ƙara da tambayar yaya gwiwa, an yi aikin lafiya?

Kuwabara ya yi tari. Ya tuna da ɗingishi, ya ɗan karkata, sai dai ƙafar da ya karkata ba ita ce ta ofis ba. Ya ce likita ne ya ce ya ɗan riƙa takawa. Mutumin ya ce lallai likitan ya iya aiki, ko tabo babu. Kuwabara ya tsaya yana tunanin inda aka ga gwiwarsa. Suka dubi juna. Kowa ya ga gara a koma kan tsohuwa.

Kuwabara ya cire hula, ya durƙusa a kan gwiwar da aka yi wa aiki, ya kwance ƙyalle. Wuta haramun ce a fadama, don haka suka soka tsinken turare a tsagar katako ba a kunna ba. Suka haɗa tafuka suka sunkuya wa kwaɗo.

Sun tare hanya, ba kuma a sauka. Na baya suka iso suka tsaya. Ba wanda ya tambaya, tambaya rashin ladabi ce. Suka ga manya biyu a durƙushe, suka cire huluna. Masu dawowa ma suka tsaya a nasu katakon. Magana ta bi layi a hankali, kafin ta kai ƙarshe tsohuwa ta zama mai tsarki da ta nutse wajen ceton yara. Wata ta ajiye dunƙulen shinkafa. Wani ya ajiye lemo. Wata mata ta fara sharar hawaye, ta ce tun da ta iso ta ji wurin daban yake. Kuwabara da ya ga jama'a, sai shugabanci ya motsa, ya miƙe ya yi jawabi a kan halin marigayiya, haƙurinta, sanyin muryarta, yadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa harshe ba. Mutumin ya ji daɗi har kuka ya zo masa da gaske. Ya san taga ta wuce shi.

Sai aka ji ƙararrawa da yawa daga baya, da ƙwanƙwasar sanduna. Ayarin tsofaffin mata ne, da manyan huluna, suna kutsawa suna cewa a gafarta. Ta gabansu 'yar ƙarama ce, busasshiya, ta ratsa layin da gwiwar hannu har ta iso. Ta dubi turare, ta dubi lemo, ta dubi wanda ke durƙushe. Shi ma ya ɗago ya dube ta, sai ya ga kakarsa ce.

Ta taɓa Kuwabara da sanda ta ce wa ya mutu.

Kuwabara ya rusuna, ya dafa kafaɗar ma'aikacinsa, ya ce kakar wannan bawan Allah ce, yau shekara bakwai tana kwance a cikin ruwan nan.

Tsohuwa ta leƙa kududdufi. Ta sunkuya ta ɗauki lemon ta jefa a aljihu.

"To ku yi sauri ku gama da ni, ɗan nan. Ina so in kai masauki kafin shinkafa ta huce."