Ranar Da Na Ɗinke Zanena Da Rigar Turawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da abokan aikina suka zaɓe ni in yi magana da yawunsu. Lokacin ina aiki a wani kamfani a Yendi, muna ɗinka rigunan saƙi ana kai su ƙasashen waje. Ɗakin rufin kwano ne, fanka ta mutu tun kafin in zo daga Bawku, kuma ko bayi za ki sai kin roƙi Madam Fati, mai kula da mu, ta buɗe miki ƙofa.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da tafiyar tunani. Ƙafata na kan keken ɗinki, zuciyata na can cikin jirgin ruwa tare da rigunan. Nakan hango wata Baturiya sanye da ɗinkina a bakin teku, iska mai sanyi na kaɗa ta (ban taɓa ganin teku ba, amma nawa na zuci ya fi na gaske kyau).

Sai labari ya zo cewa masu sayen kayan za su turo wata mata ta duba yadda muke aiki. Anti Ramatu, 'yar Salaga, wadda ta girme mu duka, ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, ke ce mai Turanci. Ki faɗa mata maganar fanka, da lokacin salla da cin abinci, kuma a daina kulle mu." Na san wadda ta yi ƙorafi bara an sallame ta, amma kaina ya riga ya kumbura, na amsa.

Ranar zuwan matar na ɗaura sabon zane. Ina taka keke ina bitar jawabi a zuci, har na ga kaina a wani babban zaure, fankoki na juyawa a hankali kamar fikafikan shamuwa, mata na tafi, ana ɗaukata hoto.

Baƙuwar ta shigo, Madam Fati na bayanta tana zare mana ido. Baƙuwar ta tambaya ko akwai mai magana. Na miƙe zumbur irin na shugabanni, sai na ji an fizge ni ta ƙugu. Ashe tun ɗazu na haɗa bakin zanena da rigar Turawa na ɗinke tsaf (ɗinkin ma ya yi kyau, gaskiya). Zane ya zauna kan keke, ni na tsaya da tsohon fatarina wanda ya sha duniya.

Jawabi ya gudu. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Madam, zafi." Na durƙushe bayan keke ina fatan ƙasa ta tsage.

Anti Ramatu ta yafa mini mayafinta tana danne dariya, sannan ta faɗi komai da kanta, da Hausa da Dagbanci, yaren mutanen Yendi, da guntun Turancinta. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ba a kori kowa ba, don ba a korar ɗaki guda. An gyara fanka, an bar ƙofa a buɗe, maganar lokacin abinci kuwa har na bar wurin ana ja-in-ja.

Ni dai abin da na samu suna ne. Har a kasuwar Yendi Madam Zafi ake kirana. Neman haƙƙi wajibi ne, 'yan uwa, amma kafin ki miƙe ki ƙwato na jama'a, ki fara tabbatarwa zanenki zai miƙe tare da ke.