Bindigogin Kawu Delbert

Ranar Talata aka ƙwace mini abin yankan farce a ƙofar majalisar jiharmu. Mai gadin ya ɗaga shi sama yana jujjuyawa kamar ya kama ɗan ta'adda, ya jefa a kwando. Anti Lorna kuma aka karɓe mata alluran saƙa. Ana cikin lalube mu sai ga wasu ƙarti sun bi ta ƙofar gefe, kowa da bindiga a ƙugu. Suka nuna lasisi, aka sara musu. Na tambayi mai gadi yaya haka. Ya ce su an tantance su, ni kuwa wa ya san nufina.

Ni dai direba aka ɗauke ni, tunda an sallame ni daga wurin wankin mota kuma duk dangi sun san zaman banza nake. Maganar ta Anti Lorna ce. Mijinta, Kawu Delbert, tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Watan jiya tana soya ƙwai da rana tsaka ya shigo kicin da bindigar farauta, ya tambaye ta wa ya ba ta izinin shiga gidan matarsa. Ta kira 'yan sanda. Suka ce ai bai harba ba tukuna, kuma doka ba ta ba su ikon taɓa makamin mutum ba. Tun ranar a gidan ƙanwarta take kwana, da safe ta je ta ba shi magani tana kallon hannunsa.

To, sai aka kawo ƙudurin da zai bar iyali su roƙi alƙali ya karɓe bindigar irin su Kawu, aka ce talakawa su zo su faɗi ra'ayinsu. Talakawan da suka riga mu isa, Ƙungiyar Masu Bindiga ce ta kwaso su a bas, kowa da hula iri ɗaya da burodi da gasasshen nama. Naman ya gasu, ni shaida ne.

Kun dai san Ƙungiya na ba 'yan majalisa maki kamar 'yan firamare, ta raba sakamakon gida-gida kafin zaɓe. Mai Girma Shugaban Kwamiti, Allah ya ƙara masa basira, bai taɓa faɗuwa ba. Ni da maki ya kore ni daga sakandare, ina jinjina masa. Da an gaya mini akwai jarrabawar da amsarta duka “a'a” ce, da yanzu ina da digiri.

Lauyan Ƙungiya ya yi bayani har maƙogwaronsa ya bushe, aka kawo masa ruwa. Masu hula suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kowa na tsoron ranar da gwamnati za ta fasa masa ƙofa. Da aka zo kan Anti Lorna ta miƙe tana gyara rigarta ta zuwa coci, sai Mai Girma ya dubi agogo ya buga guduma. Lokaci ya ƙare, an miƙa ƙudurin ga ƙaramin kwamiti domin zurfafa nazari. A baranda ya riƙe hannunta da hannu biyu, ya ce iyalinta na cikin addu'arsa.

“Ranka ya daɗe, addu'a ina da ita a gida,” in ji ta. “Makullin akwatin bindigar ne ba ni da shi.”

Ya yi dariya, ya ce tsofaffinmu akwai barkwanci.

A hanyar gida muka tsaya shan mai, muka ci karo da Hoyt, shugaban reshen Ƙungiya na garinmu, yana sayar da tikitin ƙuri'ar da suke yi duk kaka, wadda kyautarta bindiga ce. Yana ta kukan bana masu ba da gudummawar bindigogi sun yi ƙaranci. Anti ta dube shi ta daɗe, sannan ta tambaya ko suna zuwa har gida su ɗauka.

Ranar Asabar Hoyt ya iso da a-kori-kura shi da mutanensa, hularsa a ka. Kawu Delbert, wanda ya manta fuskar matarsa, yana ganin hular nan ya ƙame kamar soja. Da hannunsa ya ciro makulli daga wuyansa, ya taya su lodin bindigoginsa, har da wata ƙarama a ƙarƙashin katifa da ba wanda ya san da ita. Suka ba shi allon yabo, aka ɗauki hoto.

Abin da ya gagari 'yan sanda da majalisa, Ƙungiya ta gama shi kafin kofi ya huce. Ashe a jihar nan hukuma ɗaya ce ke da ikon raba mutum da bindigarsa, kuma ba ta taɓa tsayawa zaɓe ba.

Anti Lorna ta koma ɗakinta. Jiya aka ciri ƙuri'a, babbar kyautar, wato bindigar farautar Kawu, ta faɗa hannun Royce, maƙwabcinsu na shinge ɗaya, wanda bara ya harbe injin yankan ciyawarsa don ya ƙi tashi. Na gaya wa Anti ina jiran ta tayar da hankali. Ta ce ba komai, shi aƙalla ya san sunanta.