Ubale Kanada a Ɗakin Ƙanƙara

Duk wanda ya san Haɗeja ya san Ubale Kanada. Ko ba ka san fuskarsa ba, ka san rigarsa: wata ƙatuwar ja mai dogon hannu, mai kauri kamar bargo, an zana wata dabba mai haƙora biyu a waje a ƙirjinta. Shi ya faɗi sunan dabbar da Turanci. Mutanen gari suka duba da kyau suka ce gafiya ce, kuma har yau gafiya ce.

Asalin abin, ɗansa Mahadi ne yake aiki a Kanada. Bara bayan Babbar Sallah ya aiko aka tafi da Ubale da matarsa Hajiya Azumi, suka yi 'yan watanni a can. Hajiya ta dawo da man shafawa da hotunan jikoki. Ubale kuwa ya dawo da hoki.

"Hoki fa na ce muku, ba ƙwallon ƙafarku ta yara ba," in ji shi. "A kan ƙanƙara ake yi. Takalmin ma wuƙa ce a ƙarƙashinsa. Kowa da sandarsa mai lanƙwasa, ana bin wata 'yar baƙar aba kamar wainar da ta ƙone. Ka ji fiuuu! Ka ji ƙwal! Kafin ka ƙifta ido haƙorin wani yana ƙasa."

Ya zo da takalmin, ya zo da sandar, ya rataye su a zaurensa inda duk mai wucewa zai gani. Ya ce babu wasan da aka yi a can bai je kallo ba. Ya ce 'yan wasan Gafiya, ƙungiyar garin su Mahadi, Baba suke ce masa. Ya ce har sau da yawa in an tashi daga wasa sukan riƙe masa hannu su ce ya ɗan zagaya filin su gani, shi kuma don kada ya ba su kunya sai ya zagaya da baya da baya.

To, a ƙofar shagon Malam Inuwa Tela akwai majalisa, ƙarƙashin dalbejiya. Benci ne ko'ina, sai kujera ɗaya tal mai hannu da kushin, a daidai inda inuwa ba ta gushewa. Wanda ke kanta shi ake fara miƙa wa shayi. Al'adar wurin kuma, kujerar ta wanda ya riƙe hira ce. Shekara da shekaru Malam Inuwa ne a kai, da labaran ƙwallon ƙafarsa. Ubale ya dawo, cikin mako guda ya ture shi. Mai shago ya koma ƙarshen benci, rana na dukan ƙeyarsa a ƙofar shagonsa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma ya haɗiye.

Shekara ta zagayo, aka yi Babbar Sallah, damina ta yi jinkiri, gari ya ɗauki zafi kamar tanda. Sai ga Ubale ya iso majalisa cikin jar rigarsa, gumi na tsiyaya, fuska a murtuke.

"Lafiya, Alhaji?"

"Ina fa lafiya! An tafi hutu. An rufe kakar wasa. Watanni zan yi ban ga yarana a fili ba. Ku ba za ku gane ba. Abinci ma ba ya yi mini ɗanɗano."

Daga ranar hira ta koma ta hutu. Kullum da wayarsa a hannu. Yau an sayar da mai tsaron gida, Ubale ya yi tsaki har sai da kajin maƙwabta suka watse. Gobe an sayo wani dogo, ya ce shi ya ba da shawara tun bara. Jibi an kori mai horarwa, ya ce ai ya gaya masa gaskiya ido da ido bai ji ba. Wasa ba a yi, amma surutun ya ninka na lokacin da ake yi.

Malam Inuwa yana gefe yana ɗaurin maɓalli, yana saurare. Can sai ya ɗago kai.

"Alhaji, don Allah in yi tambaya. Wannan hutun, duk shekara a irin wannan lokacin ake yin sa?"

"Duk shekara. Doka ce."

"To ba a irin wannan lokacin ka tafi bara ba? Ni na ɗinka maka kayan tafiya, da naman Sallah a bakina."

Ubale ya kurɓi shayi, ya ƙone harshe, ya ajiye kofi.

"Bara daban. Bara an yi ƙarin lokaci."

"Na wata uku?"

"Kai Inuwa, baƙin ciki ne ke damunka! Wallahi ka ci sa'a garin nan babu ƙanƙara. Da akwai ƙanƙarar da mutum zai taka, da yau ɗin nan na sa takalmina na nuna maka abin da idonka bai taɓa gani ba."

Ya faɗi haka ne hankalinsa kwance, don ya san a Haɗeja ko ruwan randa sai an yi masa fifita. Abin da ya manta shi ne wanda ke zaune a bayansa. Alhaji Talle ne, mai kamfanin ƙanƙarar da masu kifi da masu kayan sanyi suke saya, mutumin da yakan yi wuni guda bai ce uffan ba. Ranar ya yi magana.

"Akwai ƙanƙara."

Ubale ya waiwaya a hankali.

"Ɗakin sanyina ya fi zauren gidanka faɗi," in ji Alhaji Talle. "In sa a shimfiɗa bulon ƙanƙara a ƙasa, a watsa ruwa, ya daskare. Ranar Asabar ya yi maka?"

"Ya yi masa!" Malam Inuwa ya amsa. "In ya zagaya ɗakin sau ɗaya, ko da gaba ne ba da baya ba, kujera tasa ce har abada, ni zan riƙa haɗa masa shayi da hannuna. In ya kasa, ya dawo nan inda nake, rana ta gaisa da shi."

Aka tafa, aka shaida. Ubale ya yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙoransa ba.

Ya fara neman hanya. Washegari ya ce ƙanƙarar Kanada daga sama take saukowa, ta Alhaji Talle kuwa ta rijiyar burtsatse ce, ba jinsinsu ɗaya ba. Aka ce ai gwani ba ya zaɓen fili. Ya ce dokar hoki ta hana taka ƙanƙara lokacin hutu, in labari ya kai can za a ci tarar yaransa. Aka ce babu mai kai labari. Ya ce wuƙar takalmin ta dakushe. Kafin ya rufe baki Malam Inuwa ya ɗauki takalmin ya kai bakin mahauta, aka wasa shi yadda ake wasa wuƙar fiɗa, har yana aske gashin hannu.

Da dabara ta ƙare, Ubale ya koma ga abin da bai taɓa ba shi kunya ba: ɗauke wuta. In wuta ta tafi ƙanƙara ta narke, magana ta mutu. Tun da aka kafa garin ba a taɓa samun mutumin da ya duƙufa yana roƙon a ɗauke wuta ba sai shi. Kuma ikon Allah, makon nan ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ranar Asabar da hantsi majalisa kaf ta tashi ta koma kamfanin Alhaji Talle. Masu kifi suka bar kifinsu, 'yan acaɓa suka jingine babura. Ubale ya iso da jar riga, da sanda, ya kuma yi ƙiba ta baya fiye da yadda aka san shi, don ya cusa matashin kai a cikin wando. Kowa ya gani, aka yi ta ƙifta wa juna ido.

Aka buɗe ƙofar ɗakin, sanyi ya buso, hayaƙi na tashi. Ƙasa ta yi sumul tana ƙyalli. Ubale ya zauna a bakin ƙofa ya ɗaura takalmi, ya daɗe yana ɗaurawa, ya kwance ya sake ɗaurawa.

"Alhaji, ko a kawo maka abincin rana nan?" in ji Malam Inuwa.

Ya miƙe da taimakon ƙyaure. Ya sa ƙafar dama. Ya sa ta hagu. Ya saki ƙyaure.

Na ɗan lokaci ya tsaya cak, har shi kansa ya yi mamaki. Ya ɗaga sanda sama zai yi wa jama'a kirari. Shi ke nan. Ƙafar dama ta ce ita gabas za ta, suuu! Ta hagu kuwa wuƙarta ta faɗa tsagar da ke tsakanin bulo biyu, ƙyas, ta kafe. Ubale ya buɗe kamar almakashin Malam Inuwa. Wando ya ce ɓarrr! Matashin kai ya yi tsalle ya fita, ya zarce shi kaɗai har bangon ƙarshe. Mai shi ya zauna daɓas a inda ya fara.

"Matashin ya zagaya!" wani mai kifi ya yi ihu. "A ba matashi kujera!"

Dariya ta ɓarke har wasu na riƙe bango. Ubale ya yunƙura, tim! Ya sake yunƙurawa, tim! Haƙoransa na kaɗawa kaf-kaf-kaf, amma bakin bai mutu ba.

"Wa... washin takalmin ne ba daidai ba! A Ka... Kanada ba haka..."

"Salamu alaikum. Me ake rabawa a nan?"

Jama'a suka dare. Hajiya Azumi ce, da kularta a hannu, ta zo sayen ƙanƙarar zoɓon da take sayarwa. Ta leƙa ɗakin, ta ga mijinta a baje a ƙasa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

"Innalillahi! Alhaji, me ya hau kanka?"

"Hajiya, ba komai," in ji Malam Inuwa cikin ladabi. "Nuna mana yake yi yadda yake zagaya fili a Kanada."

"Wane fili?" Ta riƙe haɓa. "Mu da muka je da zafi, kullum yana gaban fanka da singileti? Filin ai a kulle muka same shi, a bakin ƙofa Mahadi ya ɗauke shi hoto da mai gadi. Takalmin nan ma maƙwabciyarsu ce ta fitar za ta zubar, ya ce a ba shi. Ƙanƙarar da ya gani a Kanada ta cikin firij ce, ita ma cewa ya yi a cire masa daga lemo, tana kashe masa haƙori."

Ubale ya runtse ido. "Azumi, je ki gida."

"Zan tafi, sai na yi abin da ya kawo ni." Ta miƙa wa Alhaji Talle kula. "Alhaji, a sa mini bulo biyu. Amma don Allah ban da wanda ya zauna a kai, mutane ne za su sha."