Marsandin Badamasi a Taɓon Fadama

"Lafiya lau, bawana. Ya aikin gona? Na ga ka fara huɗa da mota."

Usaini ne mai wannan magana, yana jingine babur a bakin hanyar fadama, gaba da Haɗeja kaɗan. Taubashinsa Badamasi ya taso daga Kano a Marsandi mai injin gaske, ga ta nan ƙafar baya ta hagu ta nutse a taɓo, ta dama tana kan busasshiyar ƙasa. A kujerar baya Inna Kulu ce zaune, mahaifiyar Badamasi, carbi a hannu. Yayanta Malam Tukur, mahaifin Usaini, kwana uku ke nan yana kwance ba ya cin komai, ba ya kiran sunan kowa sai nata. Da aka ji su shiru Usaini ya biyo hanya. Tsoro fal cikinsa, amma ba zai nuna a gaban ɗan gwaggonsa ba.

Ya durƙusa ya gaida Inna Kulu.

"Ya jikin nasa?" in ji ta.

"Da sauƙi, Gwaggo. Ke yake jira."

Da gwiwarta tana lanƙwasuwa da tuni ya ɗora ta a babur. Sai ya juya kan Badamasi.

"Wa ya ba ka aron wannan kwale-kwalen?"

"Kai ɗan su, me ka sani a mota? Ƙarfin doki ɗari uku ne a cikinta."

"Doki ɗari uku, ƙafa ɗaya? Ba ta wuta mu gani."

Badamasi ya taka. Injin ya yi ruri, tayar hagu ta yi ta wulwulawa tana feshin laka, ta dama ko motsi. Motar ta ƙara zama.

"Tsaya, tsaya! Rijiya Gwaggo ta ce ka haƙa mata? Ina aksil ɗin nan da ka ishe mu da labarinsa ranar Sallah, wanda in ƙafa ɗaya ta sulɓe yake riƙe ta ya tura wa 'yar'uwarta ƙarfi?"

Badamasi ya sosa ƙeya. "Gurnani yake min a kwana. Na sa an cire, an saka irin na kowa."

"Inna lillahi! Man giya na musamman kawai yake roƙo, ka kore shi daga aiki! Wannan da ka saka ai halinku ɗaya, duk ƙarfinsa inda babu wahala yake kaiwa."

"Ni ne ba na son wahala? Wa ya goya ka ranar da ka ga kada a kogi ka jiƙa wando?"

"Guza ne, kuma kai ka riga ni gudu."

Inna Kulu ta leƙo ta taga. Ba ta ɗaga murya ba. "Ku yi ta yi, amma rana tana tafiya."

Usaini ya zaro lauje daga bayan babur, ya yanko ciyawar kacala runguma biyu ya cusa ƙarƙashin tayar hagu, ya sace wa tayoyin baya iska kaɗan.

"Saurara, bawa. Ja birkin hannu ƙas uku, kar ka ƙure shi."

"Ka haukace? Mota ta kafe, ka ce in ƙara mata birki?"

"Birkin zai riƙe wa waccan mahaukaciyar tayar wuya, dole ƙarfi ya leƙa wajen ta dama. Giya ta biyu. Ka taka a hankali, kamar ƙafar surukinka ce a ƙasa."

"In ta ƙi fa?"

"Sai in ɗaura maka igiya ka ja mu. Dama aikinka ne."

Usaini ya sa kafaɗa a bayan motar. Injin ya yi ƙasa-ƙasa, tayar hagu ta juya sau biyu ta watsa masa taɓo tun daga gemu har gwiwa. Can sai ta dama ta yi ƙiiƙ, ta kama ƙasa. Motar ta yunƙura ta hau tudu.

Badamasi ya fito ya dube shi, dariya ta kece masa har da riƙe ciki.

"Wallahi ko tarwaɗa ta fi ka tsafta!"

"Yi dariyarka. Ni dai..." Usaini bai ƙarasa ba. Ya juya baya yana goge fuska, ba laka kaɗai yake gogewa ba.

Badamasi ya daina dariya. Ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda ya yafa masa.

"Saka. Ba za ka shiga wurin Kawu haka ba, ya ɗauka aljanin ruwa ne. Na yarda, yau kai ne ubangida."

"Yau kaɗai?"

"Zuwa la'asar."

Usaini ya yi gaba a babur, rigar tana kaɗawa, motar tana binsa sannu-sannu. Da suka isa, su biyun suka riƙo Inna Kulu har ƙofar ɗaki. Tana yin sallama, daga ciki wata siririyar murya ta amsa.

"Kulu? Shigo, kin daɗe."