Fadar Sarakunan Andalus

Ina sabon malamin elemantare, gani nake duk Madabo babu wanda ya kai ni sanin duniya. Ana nan sai ga kati daga abokina mai aikin jirgin ruwa, da hoton birnin Malaga na ƙasar Sifen: ga teku, ga jirage, ga wani ƙaton gini zagayayye.

Bayan la'asar na kai shi zauren Malam Sani, wanda nake neman 'yarsa. Na gyara zaman hula na ce, "Malam, wannan fadar sarakunan Musulmin Andalus ce. A tsakiyar nan malamai ke zaman karatu." Dattawa suka riƙa karɓar katin da hannu biyu, wani har da ƙwalla.

Malam Sani ya juya bayan katin, inda abokina ya yi rubutun ajami da ban kula na karanta ba. A hankali ya karanta: "Nan ne filin hawan ƙahonsu."

Ya dai ba ni 'yar. Dattawan duk sun rasu, Allah ya jiƙansu, zauren ma ya rushe. Amma har yau, in aka wuce da bijimi, mai ɗakina takan ce, "Malam, fito, ga ɗalibinka."