Wa Ya Kashe Hollis?

Wani ne a ɗan garinmu na Nebraska, tuzuru, mai gyaran famfo. In ka ga hannunsa a kan bututu sai ka sara masa. Amma miƙa masa littafi, kafin ya juya shafi ya fara minshari. Sai ƙaddara ta sa ya faɗa son Darlene, bazawarar nan mai kula da ɗakin karatu. Ita kuwa sharaɗinta ɗaya ne, duk gari an sani: ba ta auren namijin da ba ya kai littafi ƙarshe. Likitan haƙori guda ta sallama a kan haka.

Rannan ta miƙa masa wani tsohon littafi, irin wanda ake ɗora wa kowane ɗan sakandare a ƙasar nan, labarin wani manomi mai suna Hollis.

Ta ce, "Ranar Alhamis ƙungiyarmu ta masu karatu za ta zauna a kansa. Ka zo."

Ya ce, "Wannan ɗan abin? Kafin kofi ya huce na cinye shi."

Ina! Yana babi na biyu, daidai inda Hollis ke ba dokinsa ciyawa, barci ya yi awon gaba da shi. Littafi ya koma abin tokare ƙafar tebur.

Ranar Laraba suka yi kiciɓis a kanti.

"Ka gama?"

"Tuni! Har na maimaita."

Ta dafe ƙirji. "Ni dai mutuwar Hollis ta hana ni cin abinci."

Gogan naka ya saki kwalin madara. "Hollis ya rasu? Yaushe?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai dai ba ka rabo da zolaya. Gobe za mu fitar da mai laifi."

Alhamis sai ga shi cikin baƙar kwat, da furanni, da katon faranti na makaroni da cuku, irin wanda ake kaiwa gidan rasuwa. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana musafaha. "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan sa." Aka yi ta dariya, wai mutumin nan ya shiga labarin sosai. Darlene har da sunkuyar da kai don daɗi.

Aka buɗe muhawara. Malam Dvorak, tsohon malamin makaranta, ya gyara tabarau ya ce, "Laifin banki ne. Da ba su ƙwace gonar ba, me zai fitar da shi cikin dusar ƙanƙara?"

Tsohuwa Opal ta ce, "Banki ne ya kulle masa ƙofa? Matarsa ce, muguwa!"

Wata ta ce, "Maƙwabcin fa, da ya gan shi a hanya ya wuce abinsa?"

Mutumin naka ya ji sunaye suna ta zuba. Ya buga tebur.

"Haba jama'a! Kuna da masu laifi har uku, kun zauna kuna cin kek? An kira 'yan sanda?"

Dariya ta ɗan ragu.

Malam Dvorak ya ce, "Ɗana, a littafi ne fa."

"To, a rubuce ma yake! Ga shaida!" Ya juyo wajen Darlene, idonsa ya kawo ruwa. "Ni dokin nake ji. Yanzu wa ke ba shi ciyawa?"

Darlene ta ajiye kofinta a hankali.

"Wane doki? Wanda aka sayar tun a babi na uku?"

"An sayar? Ba wanda ya gaya mini."

"Dube ni nan. A ina ka tsaya?"

Ya ga dai aure na sulalewa ta taga. "Babi na biyu. Amma na kusa ƙarshensa."

Ta miƙe tsaye, tana nuna shi da cokali. "Maƙaryaci! Har ka maimaita, ko? Ba ka ji kunya ba, ka zo ka zauna cikin masu neman wanda ya kashe Hollis?"

Shi ma ya miƙe, ya sungumi farantinsa, ya kalle su ɗaya bayan ɗaya.

"Ni zan ji kunya? Ni da ransa na bar shi, garau, yana ba doki ciyawa. Ku da kuka yi ta juya shafi har ya mutu, ku za ku yi bayani!"